Wa'azi cikin rigar tatsuniya: ina ƙarfinsa, ina rauninsa?

Malama, ga tambayarki kamar yadda na fahimce ta. Kin tarar da littattafan Narniya guda bakwai na C. S. Lewis da wani tsohon kwafin The Pilgrim's Progress na John Bunyan a ɗakin karatun makarantar da kike koyarwa, sai abokan aikinki biyu suka saɓa a kansu. Ɗaya ya ce wa'azin Kirista ne aka sa wa rigar tatsuniya, saboda haka bai cancanci a kira shi adabi ba. Ɗayar ta ce duk wanda ya kushe su addinin marubutan yake ƙi, rubutun kuwa ba shi da makusa. Ke kuma kina so a ajiye zancen imani gefe guda a gaya miki abin da littattafan suka iya da abin da ya gagare su.

Duk su biyun a bakin ƙofa suka tsaya, ba wanda ya shiga ɗakin. Na yi shekaru ina karanta waɗannan littattafai da ɗalibai, Musulmi da Kirista a aji ɗaya, kuma abin da na fito da shi bai wuce wannan ba: irin wannan rubutu yana da ƙarfi matuƙa a duk inda marubucin ke ba da labarin cutar da shi kansa ya yi jinyarta, yana kuma yin rauni da zarar ya juya yana nuna wasu da yatsa. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To a nan, marubuci na hawa tudun sai alƙalaminsa ya dakushe.

Abin da ake magana a kai, a bakin masu nazarin adabinmu, doguwar siffantawa ce aka miƙe ta har ta zama labari sukutum. Bene ne mai hawa biyu. A ƙasa ga mutum yana tafiya da kaya a bayansa, ya faɗa taɓo, ya hau tudu, ya ƙetare kogi. A sama kuwa kayan zunubi ne, taɓon karayar zuciya ne, kogin kuma mutuwa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mawaƙan wa'azi sun daɗe suna mayar da Duniya mace mai kwalliya da ke yaudarar manemanta, Fariduddin Attar na Farisa kuma tun wajen ƙarni na 12 ya sa tsuntsaye suka bi alhudahuda ta kwaruruka bakwai suna neman sarkinsu.

Su Kirista daga misalan Littafi Mai Tsarki suka gaji abin, kuma akwai guda ɗaya da nake ganin ya tattara sirrin sana'ar gaba ɗaya. Kamar yadda littafin ya kawo, Natan ya je wurin Sarki Dawuda da ƙarar wani attajiri mai garkuna da ya yi baƙo, sai ya bar nasa dabbobin ya kama 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci, wadda ke ci a akushinsa tana kwana a ƙirjinsa kamar 'yarsa, ya yanka. Sarki ya fusata ya yanke hukunci. Sai a lokacin Natan ya gaya masa cewa shi ne mutumin. Ki lura da jerin: labarin ya fara kama mai sauraro, ma'anar ta zo daga baya. Da Natan ya shigo da ma'anar a hannu, da tun a zaure aka sallame shi. Da wannan ma'aunin nake auna sauran.

Waɗanda suka fara gwada abin da tsawo ba su dace sosai ba. Wajen shekara ta 400 wani mawaƙin Latin ɗan ƙasar Sifen, Prudentius, ya mayar da halaye nagari da munana mayaƙa mata, ya haɗa su a filin daga. Sai ga matsala: ta yaya Haƙuri za ta yi yaƙi? Abin da ya iya shi ne ya tsayar da ita cak, Fushi ta yi ta jifanta da makamai suna karyewa, har takaici ya sa ta kashe kanta. Da dabara a ciki, amma ba a gina littafi a kan taurarin da kowannensu abu ɗaya ya iya. C. S. Lewis da kansa, a littafinsa na nazari na 1936 kan wannan salo, ya nuna cewa tafiya ta fi yaƙi dacewa da shi, domin rayuwar zuci ta fi kama da hanya mai hawa da gangara.

Wanda ya fi kowa iya tafiyar kuwa ba ɗan jami'a ba ne. John Bunyan, wanda aka haifa a 1628 a wani ƙauye kusa da Bedford a Ingila, mai gyaran tukwane da butocin ƙarfe ne, sana'ar mahaifinsa. A 1660 aka kama shi don yana wa'azi ba da izinin cocin gwamnati ba, ya yi shekara 12 a kurkuku, alhali da ya yi alkawarin yin shiru da an sake shi. Yana ciki yana haɗa igiyoyin takalma ana sayarwa don iyalinsa su ci, cikinsu har da 'yarsa makauniya. Kafin nan kuma, kamar yadda ya rubuta a tarihin kansa na 1666, ya yi shekaru cikin fargabar cewa ya aikata zunubin da ba a gafartawa, har yana ganin kare da kwaɗo sun fi shi sa'a tun da ba su da ran da za a hukunta. The Pilgrim's Progress da ke hannunki ya fito a 1678, kashi na biyu a 1684. Ki riƙe wannan tarihin, domin shi ne jinin littafin.

Abu na farko da za ki lura da shi shi ne taurarinsa suna da sunayen halaye amma suna magana kamar mutanen kasuwa. Zan mayar da sunayen Hausa don mu ji daɗin zance. Akwai Malam Surutu, wanda zai yi miki bayanin sama da ƙasa, na ibada da na kasuwa, duk wanda kike so, amma waɗanda suka san shi sun ce waliyyi ne a waje, shaiɗan a gida. Akwai Malam Biyan-Buƙata, wanda ya ce shi yana son addini in ya fito da takalman azurfa rana na haskawa mutane na tafi, ya kuma faɗa da alfahari cewa kakan-kakansa ɗan fito ne, yana kallon gefe guda yana tuƙi zuwa wani. Mawaƙin Ingila Coleridge ya ce mutanen Bunyan kamar mutane ne na gaske da maƙwabta suka laƙaba wa suna, kuma ban san wanda ya fi shi gano bakin zaren ba. Mu da muke kiran mutum Na-Allah ko Mai-Kwaɗayi har sunan yanka ya ɓace, mun san cewa laƙabi ba ya hana mutum zama mutum. Bunyan ya ga waɗannan mutane a titunan Bedford kafin ya sa musu suna. Masu kwaikwayonsa su kuwa suna suke fara samu, sai su shiga neman wanda za su rataya wa.

Amma in kina son ki ga iyakar gwanintarsa, ki buɗe wurin Ƙato Yanke-Ƙauna. Hanya ta yi wa matafiyan biyu, tauraron littafin mai suna Kirista da abokinsa Mai-Bege, kaushi a ƙafa. Kirista ya hangi wata makiyaya mai laushi a gefe da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da hanyar, shi ne kuma ya lallashi abokinsa suka tsallaka shinge. Dare ya yi, ruwa ya tsuge, suka ɓata, barci ya kwashe su a gonar ƙaton. Da safe ya kora su gidansa, Fadar Shakka, ya jefa su cikin wani ɗaki mai duhu da wari, daga safiyar Laraba har daren Asabar ba gurasa ba ruwa ba haske. Da dare in ya kwanta sai ya tambayi matarsa me zai yi da su, ita ke ba da shawara: gobe ka yi musu duka, jibi ka ce su kashe kansu, gata ka nuna musu ƙasusuwan waɗanda suka riga su. Ƙaton bai kashe su da hannunsa ba. Wuƙa ko igiya ko guba ya ce su zaɓa, domin yanke ƙauna ba ya kisa, sa mutum yake ya yi da kansa. Kirista har ya fara karkata, abokinsa ne ya riƙe shi. Ƙaton kuma yana da wata farfaɗiya da ke kama shi in rana ta fito da haske, hannuwansa su mutu. Sai wajen asubar Lahadi, bayan sun kwana addu'a, Kirista ya zabura ya ce shi wawa ne, ashe akwai mabuɗi a ƙirjinsa mai suna Alkawari da zai buɗe kowace ƙofa a gidan.

Na taɓa karanta wannan wuri a aji, sai wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, wannan ai rainin hankali ne. Kwana huɗu ana jibgarsa mabuɗi na jikinsa?” Ta fuskar zubin labari yana da gaskiya, kuma na gaya masa haka: a kowane ƙagaggen labari, mabuɗin da ya faɗo daga sama a shafin da ake buƙatarsa aibi ne. Kafin in ci gaba, wata baiwar Allah da ta girmi sauran ɗaliban, wadda ba ta cika magana ba, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, “Ana yi, Malam. Mutum yana iya shekara biyu da shi a aljihu.” Ba wanda ya ƙara tofawa. Abin da ya zama rauni a hawan ƙasa shi ne gaskiyar da ke hawan sama, kuma Bunyan bai san wannan daga karatu ba. Ko bayan an tuna da mabuɗin bai sauƙaƙa ba: kwaɗon ƙofar ƙarfe ta ƙarshe ya yi tauri da ƙyar ya juya, ƙarar buɗewarta kuma ta tashi ƙaton daga barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka kuma a bakin kogin ƙarshe. Mai wa'azi mara gaskiya da zai sa gwarzonsa ya ƙetare yana murmushi. Bunyan ya sa nasa ya fara nutsewa, duhu ya rufe shi, zunubansa suka dawo masa, abokinsa na riƙe da kansa sama da ruwa yana gaya masa cewa shi ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Yanzu ga inda ya gaza. Mai sauƙin shi ne dogayen hirarrakin aƙida, inda tafiya ke tsayawa cak matafiya su yi ta yi wa juna tambaya da amsa shafi bayan shafi kamar masu tilawa. Ɗalibai tsallakewa suke, ni ma ban cika hana su ba. Akwai kuma tsohon ƙaton nan mai suna Paparoma da ke zaune a bakin kogo, gaɓoɓinsa sun sandare yana cizon farce, wanda ba komai ba ne illa zagin Katolika da aka sa wa ƙafafu. Mai nauyin shi ne Jahili. Saurayi ne mai kuzari da ya shigo hanya ta wani lungu bai bi ta ƙofa ba. Ya ce yana biyan kowa haƙƙinsa, yana addu'a, yana azumi, yana ba da zakka da sadaka, ya kuma bar garinsu don wannan tafiya. Matafiyan suka yi masa jarrabawa kan aƙidar ceto ta wurin bangaskiya, ya faɗi. A shafin ƙarshe na kashi na farko, bayan an gama shagalin shigar su Kirista birnin sama, Bunyan ya waiwaya ya nuna mana Jahili a ƙofa ba takardar shaida, aka ɗaure shi hannu da ƙafa aka kai shi wuta. A tsarin aƙidarsa hukuncin ya zauna daidai, ba kuma aikina ba ne in yi masa gardama a can. A tsarin labari kuwa, an nuna mana yaron da ba mu ga ya cuci kowa ba, ba a taɓa shigar da mu zuciyarsa ba kamar yadda aka shigar da mu ta Kirista, sannan aka ce mu yarda da hukuncin. Bunyan ya san tsoro ciki da bai, amma bai san yadda mutum mai natsuwa da kansa yake ji ba, sai ya zana shi daga waje.

Da alama shi ma ya ji wani abu ya rage, domin kashi na biyu ya fi taushi nesa ba kusa ba. Matar da Kirista ya gudu ya bari yana toshe kunnuwa da yatsu ta kama hanya da 'ya'yanta huɗu, ayarin kuma ya cika da gurgu mai sanduna da matsoraci da mai raunin zuciya, duk aka yi ta jiran su har suka isa.

Littafin ya yi tafiya fiye da mai shi. An fassara shi cikin harsuna sama da 200, kusan 80 daga ciki na Afirka, domin 'yan mishan sukan sa shi a gaba bayan Littafi Mai Tsarki. Na Yarbanci ya fito tun 1866, kuma masu nazari sun daɗe suna nuna sawunsa a labarin mafarautan nan na marubucin Yarbanci D. O. Fagunwa na 1938. Abin da mutane suka ɗauka a ciki shi ne hanya da dodanni da kaya a baya. Tambaya da amsar aƙida ba ta cika ƙetare teku ba.

Lewis kuwa, da zai ji kin kira Narniya doguwar siffantawa, da ya yi miki gardama, kuma ya san abin da yake faɗa, tun da a wannan fanni ya yi suna a Oxford kafin ya koma Cambridge a 1954. A wata wasiƙa ta 1958 ya ce zakinsa Aslan ba ya wakiltar Almasihu irin yadda ƙaton Bunyan ke wakiltar yanke ƙauna. Ƙaddarawa ce: a ce akwai wata duniya ta dabbobi masu magana, Almasihu kuma ya shige ta kamar yadda Kirista suka yi imani ya shigo tamu, me zai faru? Ya kuma ce ba da aƙida ya fara ba, da hoto ya fara, wani halitta rabi mutum rabi akuya riƙe da laima da ƙunshin kaya a dajin da dusar ƙanƙara ta rufe, hoton da ke kansa tun yana ɗan shekara 16. Amma bai ɓoye manufarsa ba. Ya ce tun yana yaro an yi ta gaya masa yadda ya kamata ya ji game da Allah har jin ya daskare, sai ya ga tatsuniya za ta iya sulalewa ta wuce wannan abin da ke tare ƙofar zuciya. Saboda haka abokin aikinki bai yi ƙarya ba da ya ce akwai wa'azi. Inda ya kauce shi ne zaton cewa sanin hakan ya gama magana.

Ki duba Edmund, ɗaya daga cikin yara huɗu 'yan gida ɗaya da suka shiga Narniya a littafin farko na 1950. Don alewar Turkiyya ya sayar da 'yan'uwansa, kuma yaran Ingila na lokacin sun san zafin wannan, tun da alewa sai da katin rabo ake sayenta har zuwa 1953. Amma alewar ba ita ce gwanintar ba. Gwanintar tana daren da ya sulale daga gidan da suka sauka ba ko rigar sanyi, yana tafiya wurin Farar Mayya cikin dusar ƙanƙara, yana lissafin titunan da zai gina in ya zama sarki, da motocinsa, da gidan siliman kansa, da yadda zai taka wa yayansa burki, yana kuma gaya wa kansa cewa duk laifin yayan ne, alhali can ƙasan zuciyarsa ya san matar muguwa ce. Wannan ba darasi ba ne aka sa wa wando, yaro ne mai jin haushi. Haka Eustace na littafin 1952, da ya kwana kan dukiyar wani dodo da tunanin haɗama ya farka ya zama dodon. Sau uku yana saɓule fatarsa da kansa yana tarar da wata a ƙasa, sai da zakin ya sa farce ya yage ta har ya ji kamar zuciyarsa aka taɓa. Lewis bai ce daga ranar ya zama wani yaro dabam ba. Cewa ya yi ya fara zama, yakan kuma koma ruwa wani lokaci. Mutumin da ya yi shekaru yana gudun addini kafin ya miƙa wuya a 1931 ne kaɗai zai rubuta wannan gyaran.

Wurin da ya fi taɓa ni yana littafin 1955. Yaro ne mahaifiyarsa na kan gargara, aka aike shi ya tsinko tuffa mai warkarwa don wani aiki dabam, mayya na raɗa masa cewa ya gudu da ita gida ya ba uwarsa. Kafin aiken, da ya roƙi zakin, ya ɗaga kai sai ya ga hawaye a idanunsa. Mahaifiyar Lewis ta rasu da ciwon daji a 1908 yana ɗan shekara tara, bayan ya yi ta addu'a. A takarda ya ba yaron abin da shi bai samu ba.

Raunin Narniya na farko zakin ne da kansa. In tauraro ba ya kuskure, ba a cin sa da yaƙi, ya kuma san ƙarshen komai, to duk lokacin da ya shigo fage fargabar mai karatu sai ta mutu. Lewis ya gane haka, shi ya sa yake yawan ɓoye shi, kuma littattafan sun fi armashi a inda yaran ke ɓata su kaɗai. Wani lokaci kuma hannunka mai sandan yakan wuce gona da iri, kamar ƙarshen littafin 1952, inda ɗan rago ya ba yara gasasshen kifi, ya rikiɗe zaki, ya ce yana da wani suna a duniyarsu. Nan rigar ta zame, malamin ya fito fili.

Sai Susan, yayar Edmund. A littafi na bakwai, na 1956, 'yan'uwanta da iyayenta duk sun mutu a hatsarin jirgin ƙasa sun shiga ƙasar Aslan, ita kaɗai aka bari, kuma bayanin da aka ba mu 'yan layuka ne daga bakin wasu: ta daina yarda da Narniya, ba abin da ke gabanta sai safar mata da jan baki da katin gayyata. Marubucin Ingila Philip Pullman ya yi wa Lewis kaca-kaca kan wannan a jaridar Guardian a 1998. Masu kare shi suna cewa laifinta ba kwalliya ba ne, musun abin da ta gani da idonta ne, kuma a wata wasiƙa ga wani yaro Lewis ya ce mai yiwuwa ta isa can daga baya ta tata hanyar. Na yarda da wannan duka. Amma ki kwatanta: Edmund ya ci amana an ba shi babi-babi muna cikin kansa, Susan ta ja baya an sallame ta a bayan idonta ba ta ce uffan ba. Lewis ya san yaro mai hassada domin ya taɓa zama shi. Budurwar da ke ƙoƙarin zama babba kuwa daga nesa ya hange ta.

Na uku shi ne wanda ɗalibanki za su fi saurin gani, gara ki riga su. Abokan gabar Narniya na kudu, mutanen Kalormen, masu duhun fata ne, masu rawani da gemu da lanƙwasasshen takobi, masu bayi da fadanci, suna bauta wa wani gunki mai kan tsuntsu da hannu huɗu. Ba Musulmi ba ne, tun da gumaka suke bauta wa, amma tufafinsu da fadarsu daga Dare Dubu da Ɗaya aka aro su, kuma yaron da babansa ke naɗa rawani ranar Juma'a zai gane wanda hoton ya yi kama da shi. Tsohuwar ɗabi'a ce a wannan salo. Tun a 1590 mawaƙin Ingila Edmund Spenser ya sa wa miyagun mayaƙansa uku sunayen Rashin Imani da Rashin Doka da Rashin Farin Ciki ya ce Sarakinawa ne, wato sunan da Turawan wancan zamani ke kiran Musulmi da shi. Salon da ke buƙatar mugunta ta sami fuska yakan ari fuskar baƙo. Adalci shi ne a ƙara da cewa jarumar littafin 1954 'yar Kalormen ce, kuma a littafin ƙarshe zakin ya karɓi wani sojansu mai suna Emeth, wanda ya bauta wa gunkin da zuciya ɗaya, ya ce duk alherin da ya yi shi ya yi wa. Wasu Kirista har yau ba su yafe wa Lewis wannan shafin ba. Sai dai mutum biyu nagari ba su wanke al'ummar da aka zana da tawada ɗaya.

Abokinsa Tolkien, wanda Katolika ne mai riƙo, bai so Narniya ba, kuma a gabatarwar da ya yi wa babban littafinsa, The Lord of the Rings, a 1965 ya ce ya tsani wannan salo tun da ya yi wayon gane shi. Hujjarsa ita ce akwai bambanci tsakanin labarin da mai karatu ke da 'yancin ɗora shi kan abin da ya ga ya dace, da labarin da marubuci ya riga ya ɗaure ma'anarsa ya mallake mai karatu. A nasa littafin ba coci ba addu'a, amma gwarzon ya kai bakin dutsen wuta ya kasa jefa mugun zoben da ya ɗauko don ya halaka shi, abin da ya ceci duniya shi ne tausayin da aka taɓa yi wa wani wulaƙantaccen halitta. Kirista zai ce alheri ke nan, wani zai ce wani abu dabam, labarin bai tilasta wa kowa ba. Ina ganin Tolkien ya fi gaskiya, ko da yake shi ma a 1945 ya buga wani gajeren labari na mai zane da ganye wanda ba yadda za a karanta shi sai da hawan sama. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Su kuma ɗimbin littattafan da kamfanonin ɗab'in Kirista na Amurka ke fitarwa suna bin sawun waɗannan, ba zan ɓata miki lokaci a kansu ba. Galibinsu tun shafi na goma kin san wane ne sarkin, wane ne maƙiyin, wa zai tuba. An ɗauki tsarin benen an bar hawan ƙasa kango.

In ni ne ke, zan sa su a hannun ɗalibai, in gaya musu tun farko su waye marubutan da abin da suka yi imani da shi, don kada wani uba ya ji daga baya ya ce an yi wa ɗansa shigo-shigo ba zurfi. Na Bunyan Turancinsa ya tsufa, ki zaɓo wurare: taɓon farko, kasuwar da aka yi wa abokin tafiyar Kirista shari'a gaban alƙali Maƙi-Alheri da masu taya shi hukunci ƙarƙashin Malam Makaho, gidan ƙaton, sai kogin da abin da ya biyo bayansa. A kowane wuri ki tambaye su ko abin zai tsaya da ƙafarsa in an cire sunayen. Zancen Susan ki bar wa 'yan matan ajin su fara, na Kalormen kuma kada ki tsallake shi.

Wani abu ƙarami game da bakwai ɗin da ke kan kantarku: ki duba lambobin da ke bayansu. Bugun baya-bayan nan yakan jera su bisa tarihin cikin labarin, sai na 1955 ya zama na ɗaya. Kada ki bi wannan jerin. Ki fara da na 1950, domin a can ne ake faɗin sunan Aslan a raɗe a cikin daji, yaran huɗu kowa ya ji wani abu dabam a jikinsa, ba wanda ya san ko wane ne, har da mai karatu.